Kafin a kankare tabon fenti, a san irin fentin

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanmu da sake saduwa daga nan Amurka. An yi wa falon nan fenti kwanan nan, kuma kamar yadda kuke gani, ya ɗiɗɗiga a kan gilashin taga da daɓen katako da gefen kafet.

Kafin a taɓa komai, sai a gane ko fentin ruwa ne ko na mai, domin abin da ke narkar da wannan ba lallai ne ya yi wa wancan aiki ba. Ga auduga na jiƙa da sifirit, zan goga a kan wannan ɗigon. Kun ga farin ya biyo audugar, to fentin ruwa ne. Da na mai ne, da ko gezau ba zai yi ba. Fentin ruwa yakan bushe a sama cikin kamar awa guda, amma yana ɗaukar makonni kafin ya ƙanƙare sosai, saboda haka wanda ya yi hanzari ruwan ɗumi da sabulu sun ishe shi.

Gilashi ba shi da wuya. Na shafa masa ruwan sabulu, na kwantar da sabuwar reza a karkace, ina turawa gaba kawai, fentin yana tashi kamar ɓawo. Idan gilashin a bushe yake, ko rezar ta dakushe, zai karce.

Katako ne ke buƙatar haƙuri. Yawancin ɓarnar da nake gani ba fentin ne ke yin ta ba, maganin da aka zuba ne. Ruwan goge jan farce yana cire fenti, amma yana cinye sheƙin katakon, yana kuma narkar da wasu robobi, sai a bar mutum da farin tabo wanda ya fi na farko muni. Ni dai nakan ɗumama wurin da na'urar busar da gashi, idan ya yi laushi in ɗaga shi da gefen tsohon katin banki. Shi kuwa kafet, dannawa ake yi da jiƙaƙƙen tsumma daga gefe zuwa tsakiya, domin gurzawa tura fentin take yi cikin zare.

Idan fentin mai ne, sai an haɗa da tina, wato ruwan tsinka fenti, ko kananzir kaɗan, a buɗe tagogi, a nisanci wuta, a fara gwadawa a lungun da ido ba ya kaiwa. Tsumman da aka yi amfani da shi a shanya shi a waje, kada a dunƙule shi a kwandon shara, domin yana iya kamawa da wuta da kansa.

Masu zaune a tsofaffin gidaje kuma su kula: a nan sai a 1978 aka haramta fentin gida mai ɗauke da gubar dalma, don haka kada a gurje tsohon fenti da samfefa, musamman inda akwai yara, sai an gwada shi tukuna an ga ko yana da dalma.