Amsoshin Tambayoyinku: Ina Masu Ƙuri'ar Unguwarmu Suke Shiga Ranar Zaɓe?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙar farko ta fito ne daga wani bawan Allah a Yakasai, cikin birnin Kano. Ya ce a rumfar zaɓensu sunaye sun haura 700 a rajista, amma ranar zaɓe da kyar ake samun 200. Yana tambaya, shin mutanen cikin gari sun yi wa siyasa tawaye ne?

To Malam, gajiya da alƙawarin da ba a cikawa tana ciki, amma ba ita kaɗai ba ce. Rajistar kanta tana da kumburi. INEC ta fara haɗa wannan kundi ne a 2011, ana ta ƙari a kai, cire sunan wanda ya rasu kuwa ba ya tafiya da sauri. Sannan ga ƙaura. Saurayin da ya yi rajista a ƙofar gidansu a Yakasai, yau ya yi aure ya tare a Mariri ko Panshekara ko Rijiyar Zaki. 'Yan matan layin an kai su ɗakunansu a wasu unguwanni. Ranar zaɓe an hana zirga-zirgar ababen hawa, babu ɗan sahu, wa zai tako da ƙafa daga Panshekara? Sunansa yana nan, shi ba ya nan. A 2021 kuma INEC ta ƙara rumfuna, aka mayar da wasu mutane zuwa sababbin rumfunan, da yawa ba su bincika ba sai ranar zaɓe suka tarar babu sunansu a inda suka saba, suka yi fushi suka koma gida.

Ba rumfarku kaɗai ba ce. A 2023 masu rajista a Jihar Kano sun haura miliyan 5.9, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su cika kashi 30 cikin 100 ba. Idan kana son lissafin taku, duba takardar sakamako da ake liƙawa a bango bayan ƙirga. Ɗauki adadin waɗanda na'urar BVAS ta tantance, ka raba da adadin masu rajista, ka ninka da 100. Maganin masu ƙaura kuwa shi ne sauya rumfa a ofishin INEC na ƙaramar hukuma lokacin da aka buɗe rajista, ba ana gobe zaɓe ba.

Wata Hajiya daga Gwammaja ta ce, gaskiya ne kowace unguwa da jam'iyyarta?

Hajiya, ke da kike maƙwabtaka da Mambayya, gidan Malam Aminu Kano, kin fi mu sanin tushen. Birnin nan tun zamanin NEPU da Malam Aminu Kano yake da jinin adawa, shi ya kai PRP da Abubakar Rimi gidan gwamnati a 1979. Amma a ce unguwa kaza mallakar jam'iyya kaza ce, wannan zancen 'yan kamfe ne. Mutanen Kano sun fi bin mutum a kan alamar jam'iyya. A 2003 sun kayar da gwamna mai ci, Rabi'u Musa Kwankwaso, suka kawo Malam Ibrahim Shekarau, a 2011 suka dawo da Kwankwason. A 2023 NNPP, wadda shekara guda kafin nan mutane ƙalilan suka san ta, ta ci kujerar gwamna da ƙuri'a sama da miliyan ɗaya. Kada yawan fosta da jar hula ko tsintsiya a bakin titi ya ruɗe ki. Masu ihun majalisa da yawa ko kati ba su karɓa ba, matan da suke kama layi tun sassafe su ne ke yanke hukunci.

Ta ƙarshe daga wani ɗalibi a Gama: me ke sa a soke akwati?

Kai da kake Gama ai ka ga abin da idonka. A 2019 an ce zaɓen gwamna bai kammalu ba saboda tazarar kimanin ƙuri'a 26,000 ba ta kai yawan masu rajista a rumfunan da aka soke ba, aka sake zaɓe ranar 23 ga Maris, hankalin ƙasa duk ya koma mazaɓarku. Abu biyu suka fi kashe akwati: tarzomar 'yan jagaliya, da aringizo, wato ƙuri'un da ke ciki su fi adadin waɗanda aka tantance. Ƙuri'a ɗaya ɗaya ma tana lalacewa idan aka dangwala wa jam'iyya biyu. Kafin ka karɓi takardar ƙuri'a, juya bayanta ka ga hatimi da sa hannun malamin zaɓe, domin a kan rashinsu ne kotun sauraren ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'a 165,663 na zaɓen gwamnan Kano a 2023, sai da Kotun Ƙoli ta dawo da su a Janairun 2024. Ana buɗe rumfa ƙarfe 8:30 na safe, duk wanda 2:30 ta same shi a layi sai ya yi zaɓe, ko da za a kai magariba.

Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.