Rubuta Fulogin a PyMOL: Wane Kwafi Ne Ke Aiki?

Assalamu alaikum, ɗalibai. Kowa ya buɗe PyMOL a kwamfutarsa, yau da hannu za mu yi aiki.

Warren DeLano ne ya ƙirƙiro wannan manhaja ta nuna surar furotin da sauran sinadarai a allo, ya kuma bar asalinta a buɗe ga kowa. Bayan rasuwarsa a 2009, kamfanin Schrödinger ya ci gaba da kula da ita daga 2010. Abin da ya sa nake ƙaunarta shi ne kusan duk abin da ka danna da linzami, kana iya rubuta shi da Python, harshen rubuta shirin kwamfuta. Daga nan fulogin ke farawa, wato ɗan ƙaramin shirin da kake maƙala mata ta riƙa yi maka aikin da ka gaji da maimaitawa.

Ku rubuta fetch 2hbs. Wannan da ya fito a allo haemoglobin ɗin mai sikila ne, cutar da da wuya a ce wani a ɗakin nan bai san gidan da ta taɓa ba. Ku dubi gurbi na 6 a sarƙar beta, ɗaya daga cikin jerin amino acid da suka haɗu suka yi wannan furotin. A mai lafiya glutamic acid ne a wurin, a nan kuwa valine ne. Canjin ke nan, guda ɗaya tak. Za mu rubuta aiki, wato function na Python, da zai shafa wa gurbin jan launi, ya kuma nuna abin da ke kewaye da shi, sannan mu yi masa rajista da cmd.extend don ya zama umarni.

Tarko na farko yana nan. Duk abin da ka rubuta a layin umarni, PyMOL a matsayin rubutu yake miƙa wa aikinka, ba lamba ba. Ka ba shi nisa 5, ya karɓi harafin 5, ka ce a ƙara masa ɗaya, sai ya tsaya. Wanda ya fi ɓoyewa shi ne sifili: rubutun 0 a wurin Python gaskiya ne, don haka abin da ka ce a kashe sai ya kunnu, ba tare da wani saƙon kuskure ba. Ku fara kowane aiki da int ko float, masu mayar da rubutu lamba.

Yanzu ga abin da ya fi cin lokacin mutane. Ka gyara fayil, ka adana, ka gwada, babu abin da ya canza. Ka sake gyarawa, shiru. Galibi gyaran naka daidai ne, tsohon kwafi ne ke aiki. Dalilan biyu ne. Idan ka girka ta Plugin Manager, kwafin fayil ɗin yake ɗauka ya ajiye a wata folda daban, kai kuma kana ta gyara na asali, kamar mai ban ruwa a gonar da ba ita ya shuka ba. Maganinsa, ka shiga Settings ka ƙara foldar aikinka cikin wuraren da ake neman fulogin. Na biyu, Python ba ya sake karanta abin da ya riga ya shigo da shi. Yana ajiye da shi a sys.modules, ko sau nawa ka ce import. Sai ka kira importlib.reload.

Amma shi ma reload yana da iyaka, ina so ku riƙe wannan. Fayil ɗin da ka ambata kaɗai yake sabuntawa, ba ya bin ƙananan fayilolin da ke ƙarƙashinsa. Maɓallin da ke menu kuma yana nan ɗaure da tsohon aikin. Taga da ka riga ka buɗe, ita ma tsohuwa ce. In shakka ta kama ka, ka sa a buga __file__ na shirin, ka ga ainihin inda ya fito.

Shi ya sa shawarata ita ce ku raba lissafi da taga. Lissafin ya zauna a fayil nasa, ku gwada shi da run, wanda yake karanta fayil sabo fil a kowane kira, ko da pymol -cq ba tare da hoto ba. Sai ya tsaya da ƙafarsa sannan ku ɗinka masa maɓalli. In kuka tsinci tsohon fulogin ya ƙi tashi, ku duba shekarunsa: PyMOL 2.0 na 2017 ya koma Qt daga Tkinter wajen gina tagogi da maɓallai, Python 2 kuma an daina kula da shi a 2020.

Saƙon kuskure ku karanta shi daga ƙasa zuwa sama. Yanzu kowa ya canza ja zuwa shuɗi, ya sake lodawa ba tare da rufe PyMOL ba. Wanda nasa ya ƙi, ya ɗaga hannu in zo.