Sadakar da babu wanda zai ɗauki hotonta

Assalamu alaikum jama'a. Ku duba fuskar dattijon nan da ke zaune gindin darbejiya, wannan zanzanar da kuke gani tabon agana ne. Toh tambayi yaro ɗan shekara ashirin mene ne agana, wallahi sai ya tsaya yana kallonka, saboda tun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an gama da ita kwata-kwata, cutar da ta ci mutum wajen miliyan 300 a ƙarni na 20 kaɗai. Waɗanda suka kashe kuɗi aka bi ƙauye-ƙauye ana yi wa mutane lamba ba su san jikokin dattijon nan ba, amma ga su nan suna wasan langa lafiya lau.

Mu nan idan Allah ya hore wa mutum, abin da ido ke gani yake wa sadaka, buhun shinkafa da azumi, fentin masallacin da dama yana da fenti, kuma ba laifi ba ne, lada na nan. Sai dai akwai masu bayarwa da sai sun yi tambaya uku kafin su zaro ko sisi: wahalar nan rai nawa take ci, akwai wanda ke kula da ita, sannan kuɗi zai iya taɓuka wani abu a kai?

Ɗauki maleriya. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da ita a duniya 'yan Najeriya ne. Kun san ma'aikatan nan da ke shiga gida-gida da damina, wata-wata, suna ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafi, uwa ta jiƙa a cokali ta ɗura? Abin ba tsada, kuma yaron da bai suma ba ba ya fitowa a labarai, shi yasa mai kuɗi ba ya ɗokin sa hannu.

Haka annobar da ba ta zo ba tukuna. Murar tsuntsaye ta shigo Kaduna da Kano a 2006, korona ta rufe kasuwanni a 2020, ta gaba ba a san daga wane keji za ta fito ba, kuɗin sa ido da ɗakin gwaji kuwa kullum sai gobara ta tashi ake neman guga.

Sai dabbobi, nan ne wasu za su yi dariya. Amma ai mun ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Je Maigatari ranar Alhamis ka ga yadda ake loda jakuna a tirela, kwana da kwanaki a tsaye ba ruwa, don fatarsu da ake kaiwa Sin, har sai da Tarayyar Afirka ta hana yanka su saboda fata a 2024. Ko kajin da muke ɗaurewa kai ƙasa a bayan babur daga nan har Gumel, rana na dukansu baki a buɗe. Ni ma na sha yi, sai bara na sayi akurki.