Darasi: Injin Wasp mai silinda tara, da abin da ake yi kafin a tayar da shi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Injin jirgin sama da ke gabanmu yau shi ne Wasp, mai lamba R-1340, ƙirar kamfanin Pratt & Whitney na Amurka. Ku dube shi ta gaba. Silinda tara ne a da'ira, kamar mutum tara sun zagaye kwanon tuwo, kowa ya miƙa hannu tsakiya.

A watan Disamba na 1925 aka fara tayar da shi a garin Hartford, aikin Frederick Rentschler da injiniya George Mead. Sojan ruwan Amurka ne ke neman inji marar nauyi wanda iska kaɗai za ta sanyaya, ba lagireto, ba ruwa, ba tiyon da zai tsage a sararin sama. Ya fara da ƙarfin doki 400 da 'yan kai, daga baya ya kai 600, kuma an ƙera kusan 35,000 kafin a daina a 1960. Da shi matuƙiyar jirgin sama Amelia Earhart ta ƙetare tekun Atlantika ita kaɗai a 1932. Shi ne a jirgin koyon tuƙi T-6 da jirgin Otter na Kanada, har yau kuma akwai jiragen feshin gona da ke tashi da shi.

To, me ya sa tara, ba takwas ba? Saboda yadda wuta ke kamawa ne. Tsallake ɗaya take yi: 1, 3, 5, 7, 9, sannan 2, 4, 6, 8, ta dawo 1. Karanshaf ya juya sau biyu, kowane silinda ya sha wuta sau ɗaya. Da takwas ne, tsallaken ba zai taɓa faɗawa kan sauran huɗun ba. A ciki kuwa, fistan ɗaya ne kawai sandarsa ta kama karanshaf. Ita ce uwar sanda, sauran takwas ɗin a jikinta aka maƙala su. Kowane silinda fulogi biyu gare shi, 18 ke nan, magineto biyu, wato na'urorin da ke samar da lantarkin fulogi, ke ba su wuta.

Yanzu ku natsu, nan ne ake asarar inji. Idan jirgi ya kwana a ajiye, baƙin mai yana tsiyaya a hankali, ya bi ta gefen ringi ya taru a silindan ƙasa, wato na 5 da na 6, waɗanda kansu ke kallon ƙasa. Iska tana matsuwa, mai ba ya matsuwa. In aka ba shi wuta a haka, fistan zai daki man kamar ya daki dutse, sanda ta lanƙwashe. Abin tsoron ma, wani lokaci lanƙwasar kaɗan ce, injin ya tashi lafiya lau, sai bayan awoyi ta karye ana sama.

Don haka ga yadda ake yi. A tabbatar makunnin magineto a kashe yake, an kuma sa wa tayoyi waigi. A kama farfela da hannu a juya ta ta ɓangaren da take juyawa, a hankali, aƙalla zagaye biyu cikakku na karanshaf. Matsin iska yana da laushi, za ka ji yana saki. Idan kuwa ta cije tsaf, ka tsaya nan, kada ka sa ƙarfi. Kuma don Allah kada ka mayar da ita baya. Mutane da yawa na yin haka, su ga ta saki su ɗauka an gama, alhali man ya koma bututun shigar iska ne kawai, injin na tashi zai sake zuƙo shi. A kwance fulogin silindan ƙasa, a tara kwano, a juya farfela har man ya gama zuba, a wanke fulogi a mayar.

Da ya tashi zai yi tari, ya fesa hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Ragowar mai ne ke ƙonewa, ba matsala. Idonka dai ya tsaya kan gejin matsin mai: in allurar ba ta motsa ba cikin daƙiƙa 30, a kashe. In ta hau, a bar shi wajen juyi 1,000 a minti har zafin mai ya kai digiri 40, sannan a ƙara masa wuta a gwada magineto ɗaya bayan ɗaya.