Ɗaga Ƙafa a Dokar Allunan Talla

Masu sauraro, sharhinmu na yau a kan wani abu ne da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, wato yadda ƙananan hukumomi ke ɗaga wa wasu 'yan kasuwa ƙafa a kan dokar kafa allunan talla, alhali sauran jama'a suna bin dokar sau da ƙafa.

Dokar tsara gari ita ce ke ƙayyade faɗin allo, da tsayinsa, da nisansa daga bakin titi, da kuma ko za a sa masa fitila. Ikon yin irin wannan doka ba sabo ba ne, domin tun a 1926 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da shi a shari'ar garin Euclid. Waɗanda suka tsara dokar sun san ba duk filaye ne iri ɗaya ba, shi ya sa suka bar ƙofar neman sassauci, amma da sharaɗi: dole matsalar ta fito daga filin kansa. Shagon da gada ta kare shi, ko wanda ke cikin kwari har mai wucewa ba ya hango ƙofarsa, wannan yana da hujja. Wanda ya jawo wa kansa matsalar ba shi da ita, haka ma wanda ƙarin riba kawai yake nema.

To amma me muke gani? Babban kamfani ya zo da lauya da zane mai sheƙi, ya ce tambarinsa haka yake a ko'ina, kwamitin da ke duba buƙatun sassauci kuma ya amince masa da allon da ya ninka ƙa'ida. Mai ƙaramin shagon da ke maƙwabtaka da shi, wanda ba shi da kuɗin cike takardu balle na lauya, kuma ba shi da uwa a gindin murhu, ya riga ya yanka nasa allon daidai yadda doka ta ce, yanzu ga shi ya ɓace a inuwar na maƙwabcinsa. Tsarin tambarin kamfani ba matsalar fili ba ce, kuma kwamitin ya san da haka.

Za a ce babban allo yana jawo ciniki, ciniki kuma yana kawo haraji. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin idan gaskiya ce, to gaskiya ce ga kowane shago a kan titin, kuma abin da ya kamata shi ne majalisar ƙaramar hukuma ta gyara ƙa'idar a bainar jama'a kowa ya amfana.

A 2006 birnin Sao Paulo na Brazil ya kafa dokar da ta kai ga sauke manyan allunan talla kimanin 15,000, ta kuma ɗaura girman allon kowane shago a kan faɗin gabansa. Ana iya cewa dokar ta yi tsauri, mu ma muna da ja a kan wasu sassanta, amma ma'auninta ɗaya ne ga banki da mai gyaran takalma.

Saboda haka muna kira ga kowane kwamiti da ya rubuta dalilinsa a fili duk lokacin da ya ba da sassauci, ya nuna ainihin abin da ke damun filin. Idan kuma ya ga yana amincewa da buƙata iri ɗaya sau biyar, sau goma, to ya daina, ya mayar da maganar gaban majalisa a sake duba dokar.