Yaranmu da ke Bayan Teburin Shayi da Kantar Gahawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaba, malamanmu, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata da ke wancan ɓangaren, 'yan'uwa matasa, barkanmu da warhaka. Waɗanda suka taso daga Mile 12 da Alaba Rago da Ajah, sannunku da hanya, Allah ya ba da ladan zumunci.

Shugaba ya ba ni dama in yi magana da yawun masu sana'ar shayi, da kuma yaranmu da suka samu aiki a shagunan gahawa na zamani da ke Ikoyi da Victoria Island da Lekki da Ikeja, a nan Legas. Maganar ita ce rashin mutuncin da suke sha a hannun wasu kwastomomi, da yadda muke barinsu su haɗiye shi su kaɗai.

Kowa a nan ya san abin da ya ƙara yawan yaran nan a sana'armu. Ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Gwamna Sanwo-Olu ta jihar Legas ta hana acaba kwata-kwata a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa, a watan Satumba kuma ta ƙara da Mushin da Oshodi da Kosofe da Shomolu. Samari da yawa suka ajiye babur. Wasu suka koma gida, wasu suka kama gadi ko dako, wasu suka zo muka ba su gefen tebur, masu ɗan Turanci a baki kuma suka shiga manyan shaguna. To yaron da ya saba cin gashin kansa, in fasinja ya yi masa rashin kunya ya taka birki ya ce sauka, yau ga shi a bayan kanta da riga mai tambarin shago, wani yana nuna shi da yatsa, ba shi da ikon cewa uffan. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa yadda ake ɗaukar wannan. Haƙuri kawai muke ce masa, alhali haƙurin kasuwa koyonsa ake yi, kamar yadda ake koyon haɗa shayin kansa.

'Ya'yana, mafi yawan masu yi muku ihu ba da ku suke ba. Mutum ya fito daga Ikorodu ko Egbeda tun kafin kiran assalatu, ya maƙale a cunkoson gadar Third Mainland, ya makara, ya san shi ma akwai wanda zai yi masa tsawa a ofis. Kai ne mutum na farko da ya tarar wanda ba zai iya rama masa ba. Haka kwandastan danfo, wato motar haya ta Legas, da ya saba cin Indomie da ƙwai biyu da kofin shayi a wurinka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ƙwai da madara da sukari da gas ba wanda bai tashi ba. Ka faɗa masa sabon farashi, sai ya hau ka da faɗa kamar kai ka ƙara. Aljihunsa ne ke yi masa zafi.

Irin wannan, ka bar shi ya gama. Kada ka katse shi, kada kuma ka ce masa ya kwantar da hankalinsa, wannan kalma ƙara hura wutar take yi. In ya sauke, ka maimaita masa abin da ya ce yana so da muryar da ta fi tasa ƙasa, sannan ka gyara. In kofin ne bai yi masa ba, a sake wani, ba sai an kafa shari'ar wane ne ya yi kuskure ba. Ku da ke manyan shaguna kun san rigimar da ta fi yawa: a kawo wa mutum gahawa mai kumfar madara ya ce ta huce. An koya muku madarar ba ta wuce zafin digiri 60 zuwa 65, in ta wuce ɗanɗanonta ya ɓaci, mu kuwa 'yan Najeriya sai abu yana ƙona leɓe muke yarda ya yi zafi. Kada ka tsaya yi masa darasi. Tun yana ba da oda ka tambaye shi ko mai zafi sosai yake so, ka ɗauraye kofin da ruwan zafi kafin ka zuba. Rabin faɗan ya mutu tun bai taso ba.

Akwai wani abu da nake gani kullum, ina roƙonku ku daina. Kwastoma yana faɗa, sai ka juya ka yi wa abokin aikinka magana da Hausa, ku yi dariya. Ko zancen ƙwallo kuke yi, shi zagi ya ji. Balle ma a garin nan ba ka san wanda ya yi zaman Kano ko Kaduna ba. Sannan ku koyi gaisuwar masu gari. Yarbawa mutane ne masu ba girma muhimmanci ƙwarai. Dattijuwa ta zo a fusace, ka ɗan rusuna ka ce mata "E ma binu, Ma," ka miƙa mata kofi da hannun dama, za ka ga ta sauko. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, a Agege ma haka take.

Sai rigimar kuɗi, wadda ita ce ta fi kai mu ofishin 'yan sanda. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, har mai sayen burodi rabi taransifa yake yi. Wani da gaske ya tura, matsalar banki ce ta riƙe kuɗin. Wani kuma alat na bogi ya nuna maka. Daga fuska ba za ka bambance su ba, don haka kada ka taɓa kiran mutum ɓarawo a gaban jama'a. In ya zamana ya tura ɗin, ka yi wa kanka abokin gaba har abada. A rubuta farashi a allo a rataye inda kowa zai gani. A faɗi kuɗin kafin a fasa ƙwai. A gaya wa mai taransifa tun farko cewa ƙa'idar wurin sai kuɗi sun shigo, ga benci ya zauna. Abin da aka faɗa kafin ciniki ƙa'ida ce, in aka bari sai bayan an ci an sha, zargi ya zama. Bashi kuwa maigida ne zai yanke iyakarsa ya rubuta a littafi, don yaro ya samu abin cewa: ba ni na hana ba.

Yanzu bari in zo kan wanda ya fi ci mini rai. Akwai mutumin da ba yunwa ba makara, wulaƙanci kawai ya zo yi. Ya ƙwala maka kiran "Aboki" da muryar raini, ya kwaikwayi Turancinka abokansa suna dariya, ya jefa maka kuɗi a ƙasa, wani har ya haɗa ka da Boko Haram, kai da wataƙila su ne suka raba ka da garinku. Wallahi na san zafin wannan, kuma ba zan tsaya a nan in ce muku ba komai ba ne. Komai ne. Haƙuri a nan ba ya nufin ka yi murmushi ana taka ka. Ka dube shi ka ce, sau ɗaya, ba ɗaga murya: "Oga, zan yi maka aikinka, amma ban da zagi." In ya ci gaba, ka ja baya ka kira manaja ko babban da ke kusa, wani ya karɓe ka. Ku yi wannan yarjejeniya tsakaninku tun kafin ranar ta zo: duk wanda ya ga idon ɗan'uwansa ya kaɗa, ya matso ya karɓi wurin ba sai an kira shi ba.

Ina nanata maganar ja da baya saboda abin da ke gabanku. Mai shayi yana tsaye ne tsakanin tafasasshen ruwa da wuƙar yanka burodi da kaskon mai. Fushin minti ɗaya a wurin nan zai iya kai mutum gidan yarin Kirikiri. Ga waya a hannun kowa, kuma bidiyon da za a yaɗa ba daga zagin da aka yi maka zai fara ba, daga inda ka ɗaga hannu zai fara. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya koya mana cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna. Ka ajiye abin da ke hannunka, ka koma baya, ka yi alwala, ka dawo.

Iyayenmu da suka daɗe a garin nan suna tuna rikicin ƙabilanci na Idi-Araba a watan Fabrairun 2002, da rayukan da aka rasa. Muna tuna na Mile 12 a watan Maris na 2016, har aka rufe kasuwa. Na Shasha a Ibadan, Fabrairun 2021, daga gardama tsakanin ɗan dako da wata mai shago ya faro, aka wayi gari ana ƙona rumfuna. A nan in ɗan Arewa ya yi faɗa da kwastoma, ba a cewa wane ya yi faɗa, Hausawa ake cewa. Ba adalci ba ne yaro ɗan shekara 19 ya ɗauki nauyin al'umma guda a kan kofin shayi, amma yana ɗauke da shi. Tun da don mu yake haɗiye fushinsa, to muna da haƙƙin tsaya masa.

Kuma haƙurin yana da iyaka. Wanda ya mari yaro, ko ya tofa masa yawu, ko ya watsa masa abin sha mai zafi, ya fita daga sahun kwastoma, laifi ya aikata. A kira 112 ko 767, a riƙe shaidu, in akwai kyamara a shagon a nemi a adana hoton kafin ya goge. 'Yan matanmu da ke aiki a waɗannan shaguna nasu ya fi muni: wannan ya nemi lambar waya da naci, wancan ya riƙe hannu wajen karɓar canji, ita kuma tana tsoron faɗa a gida kada a ce ta bar aikin ko a ɗora mata laifi. Iyayenmu mata, ku ne za su iya buɗe wa baki. Ku riƙa tambayarsu, kuma in sun faɗa a yarda da su. Jihar Legas tana da hukuma ta musamman mai karɓar ƙorafin cin zarafi irin wannan.

Sai mu iyayen gida, ni ma ina cikin sahun. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wani lokacin kwastoma yana da gaskiya: kofi bai wanku ba, yaro yana latsa waya ana yi masa magana, fuska a murtuke. Amma mu tambayi kanmu, ƙarfe nawa yaron nan ya kwanta? Tebur yana buɗewa kafin asuba, ba a tashi sai bayan sha biyun dare, shi kaɗai ne a kai. Wanda bai yi barci ba ina zai samo fara'a? Daga nan ne wasu ke faɗawa shan tiramadol don su jure tsayuwa, ƙwayar kuma ta ƙara musu saurin hannu. A raba aikin gida biyu, ko da ribar za ta ragu.

Kada maigida ya zagi yaronsa a gaban kwastoma don ya faranta wa kwastoman. In ya yi kuskure, a ba mai saye haƙuri, a ja yaro gefe daga baya. In kuwa shi aka zalunta, ka fito ka ce wa mutumin ya riƙe kuɗinsa, ba a sayar masa. Ana cewa kwastoma sarki ne. Na yarda, amma sarautarsa a kan abin da ya biya take, ba ta kai kan mutuncin ɗan mutane ba. Yaron da ya san maigidansa zai tsaya masa ya fi kowa iya danne zuciya, domin ya san maganar ba a nan za ta ƙare ba.

Masu aiki a manyan shaguna, ku san haƙƙinku. Ana kawo mana kuka cewa duk kofin da aka dawo da shi sai a cire kuɗinsa a albashin yaro. Dokar ƙwadago ta ƙasa ba ta yarda maigida ya yanke albashi yadda ya ga dama ba. Ko asara ce ma'aikaci ya jawo da sakaci, sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce. Dokar ta kuma ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a takarda kafin ya wuce wata uku da farawa. Ku nemi wannan takarda. In an samu saɓani, Ma'aikatar Shari'a ta jihar Legas tana da cibiyar sasanta jama'a da ke sauraron irin wannan kyauta.

Mai girma shugaba, roƙona ga ƙungiya shi ne a ware dattawa uku ko huɗu, da mace ɗaya aƙalla, waɗanda kowane yaro zai riƙe lambarsu, ya kira ko da tsakar dare ne kafin magana ta kai ga taron jama'a. A samu a cikinsu mai jin Yarbanci sosai wanda baale, wato mai unguwar Yarbawa, da 'yan sandan yankin suka sani. Sannan bayan kowane taro na wata, a ba mu rabin awa mu zauna da sababbin shiga, tsofaffin hannu su gwada musu a aikace: wannan ya zama mai faɗa, wancan ya tare shi, har bakinsu ya saba. Ni na ɗauki nauyin zaman farko. Masu tebur da masu aikin shago da ke nan, kada ku fita sai kun ba sakatare sunanku da unguwar da kuke aiki.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya kare mana 'ya'yanmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Na gode. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.