Allurar baya lokacin naƙuda: illolinta da alamomin da ba a wasa da su

Assalamu alaikum. Yau za mu yi magana ne a kan allurar da ake yi wa mai naƙuda a baya don kashe zafi, wadda likitoci ke kira efidural. Mata da yawa suna gudunta saboda sun ji an ce tana barin mace da ciwon baya na har abada, wasu kuma sun ɗauka ba ta da wata illa ko kaɗan. Kowane ɓangare akwai gyara a maganarsa.

Ga yadda ake yin ta. Mai naƙuda za ta zauna a bakin gado, ta rungume matashi, ta sunkuyar da kai ta turo bayanta. Likitan sa barci zai goge wurin, ya kashe fatar, sannan ya shigar da allura tsakanin ƙasusuwan baya na ƙasa, dab da ƙugu. Allurar ba ta isa ga laka. Tana tsayawa ne a wani ɗan fili da ke wajen tantanin da ya lulluɓe laka da ruwanta. Ta cikin allurar ake zura wani siririn bututun roba, a zare allurar, a manne bututun da filasta, ta nan maganin zai riƙa shiga har a haihu. Cikin minti 10 zuwa 20 zafi yakan fara lafawa. Wani likitan sojan Sifaniya, Fidel Pagés, shi ya bayyana yin allurar kashe zafi a wannan wuri na baya tun 1921, kuma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abin da za a iya ba mace mai lafiya idan ta nema.

Abin da ya fi saurin faruwa shi ne jini ya sauka, wato kishiyar hawan jini. Maganin da ke kashe jijiyoyin jin zafi yana kuma sassauta hanyoyin jini na ƙafafu, sai jini ya taru a ƙasa. Mace za ta ji jiri, ko tashin zuciya, ko gumi ya keto mata. Idan aka bar shi, jinin da ke zuwa wa jariri yana raguwa, bugun zuciyarsa ya canza. Shi ya sa ake ɗaura ƙarin ruwa, ake auna jini duk minti 5 a farko, ake kuma sauraron zuciyar jariri. Maganinsa a nan take ne: a juya ta ta kwanta a gefe, a ƙara gudun ruwan, in ta kama a ba ta allurar ɗaga jini. A ganina, duk inda babu mai tsayawa ya yi wannan awon, bai kamata a yi allurar ba.

Akwai ƙananan abubuwa da ke wucewa da kansu: ƙaiƙayi, rawar ɗari, ɗan zazzaɓi, ƙafafu su yi nauyi. Mafitsara ma takan cika mace ba ta ji ba, don haka ake sa robar fitsari. Kuma kusan mace 1 cikin 10 allurar ba ta kama ta yadda ake so, wani lokaci gefe ɗaya ya mutu, ɗayan yana ta ciwo. 'Yar'uwa, idan haka ta same ki, kada ki cije ki yi shiru. Ana gyara bututun, ko a sake sawa.

To, batun ciwon bayan fa? A 2018 masana na ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan mata fiye da 11,000, ba su ga allurar tana jawo ciwon baya mai daɗewa ba, ba su kuma ga tana ƙara yawan waɗanda ake yi wa aiki a ciro jariri ba. Wurin da aka soka yakan yi tsami na 'yan kwanaki, shi ke nan. Ciwon bayan da ke bin haihuwa yana samun har waɗanda ba a yi musu allurar ba, domin ciki na wata tara da ɗaukar jariri sun isa su jawo shi. Abin da aka gani da gaske shi ne lokacin nishi yana ɗan tsawaita, kuma a tsofaffin gwaje-gwaje an fi bukatar jawo jariri da na'ura. A waɗanda aka yi bayan 2005, da aka koma maganin da bai kai na da ƙarfi ba, ba a ga wannan bambancin ba.

Wanda nake so a fi riƙewa shi ne ciwon kai. Kusan mace 1 cikin 100, allurar takan wuce iyaka ta huda tantanin nan da ya lulluɓe laka, sai ruwan da ke tallafe da ƙwaƙwalwa da laka ya riƙa zuba kaɗan-kaɗan. Bayan kwana 1 zuwa 3 sai ciwon kai ya taso, kuma yana da alamarsa. Mai jego tana kwance lafiya lau. Da ta tashi zaune don ta ba jariri nono, sai goshi da ƙeya su sara, wuya ya riƙe, haske ya dame ta, kunne ya riƙa ƙara. Da ta koma ta kwanta, sai ya sauka. Sau da yawa ana cewa gajiyar haihuwa ce ko rashin barci, ta yi ta wahala a banza, alhali akwai magani. Idan hutu da maganin ciwo ba su isa ba, likita zai ɗebi jininta daga hannu, kamar mililita 20, ya zuba a wurin da aka yi allurar. Jinin zai daskare ya toshe hujin, kamar yadda ake yi wa taya faci. Yawancin mata suna samun sauƙi da wannan, wasu sai an maimaita.

Manyan haɗurran kuma akwai su, sai dai ba kasafai ba. Ƙungiyar likitocin sa barci masu kula da haihuwa ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 1,000 takan ji wani wuri a ƙafa ya mutu na ɗan lokaci, 1 cikin 13,000 abin ya wuce wata 6. Ruwan mugunya ya taru kusa da laka, 1 cikin 50,000. Jini ya taru ya danne ta, 1 cikin 170,000. Shanyewar ƙafafu, 1 cikin 250,000. Lissafi ne mai kwantar da hankali, amma yana tafiya ne da sharaɗin an tantance wa za a yi wa. Don haka ki faɗa wa likita tun wuri idan kina amfani da maganin tsinka jini, ko jininki ba ya saurin tsayawa, ko kina da hawan jinin ciki, wanda yakan rage ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Haka idan akwai ƙurji a bayan, ko zazzaɓi mai zafi, ko wata allurar kashe zafi ta taɓa ba ki matsala.

Ana cikin sa maganin, in kika ji leɓɓanki sun mutu, ko ɗanɗanon ƙarfe a baki, ko ƙara a kunne, ko hannuwa sun yi nauyi numfashi yana wuya, ki faɗa a daidai lokacin. Alama ce maganin ya shiga hanyar jini ko ya hau sama fiye da kima, kuma masu kula da ke suna da abin yi a kai.

Bayan an daina maganin, ya kamata cikin awa 4 ki iya ɗaga ƙafarki daga kan gado. In kin kasa, a kira likitan. Idan kuma kin koma gida sai ƙafafu suka fara rauni, ko fitsari ya ƙi fita, ko kina sakin sa ba ki sani ba, ko baya ya kama ciwo mai tsanani tare da zazzaɓi, ko wuya ya sanƙare, kada a jira gari ya waye. Jinin da ya danne laka ana bukatar cire shi cikin 'yan awoyi kafin jijiya ta lalace. A koma asibiti nan take, kuma da isa a faɗa musu an yi miki allurar baya, da ranar da aka yi ta.